Kafet ɗin Alhaji a Hatta

Da sanyin safiya a garin Hatta na ƙasar Larabawa, Muhsinat ta ji wani dattijo yana yi wa motarsa mai ɗakin kwana faɗa da Hausa. Ta tsaya.

"Sannu Baba. Lafiya?"

"Ina fa lafiya, 'yata! Hitar ɗumama ɗakin nan ce. Minti uku ta ɗau zafi ta mutu. Sau biyu ina kai ta gareji, su ce lafiyarta lau."

"Sana'ata ce. In duba?"

"Ke? Maza sun kasa. To, bismilla."

Ta leƙa ciki, ta ga lafiyayyen kafet shimfiɗe bango zuwa bango.

"Da kafet ɗin kuke kai ta gareji?"

"Su ɓata min shi da baƙin mai? Naɗe shi nake yi."

"Shi ya sa. Kafofin iskar a ƙasa suke, kun toshe su. Zafin ya rasa mafita, sai ta ɗauke don kada ta kama da wuta."

Ta yaye kafet ɗin, ta kunna. Minti goma ɗumi na ta busowa.

"Khalas, an gama!" in ji ta, tana karkaɗe hannu.

Dattijon ya waiga, ya rage murya. "Don Allah kada Hajiya ta ji. Tun jiya take cewa in ɗauke shi."