Uwar Kifin da Ke Rataye a Bango

Mai girma shugabar ƙungiyar masuntan tafkinmu, Uwargida Sirkka Hyvönen, mai girma fastonmu, dattawa, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da wannan taro. Ni Veikko Rautiainen, ina godiya da aka ba ni dama kafin a kaɗa ƙuri'a.

Na farko, ba zan ɓoye muku ba, kishi ne ya taso ni. An ce kishi kumallon mata ne, to yau ga shi ya kama tsoho mai shekara saba'in.

Na biyu, kun san Tauno Kettunen na tafkin ƙetare, wanda muka yi takarar neman auren matata Aune da shi, na kayar da shi. Shekara goma da suka wuce, mutanensa suka kafa doka: kifin kuha uku kacal a rana, ƙarami a mayar, babba ma a mayar. Ni na fi kowa dariya a wannan zaure. Mu muka ce ƙananan kaɗai za mu saki, manyan kuwa na tukunya ne. Muka cinye iyaye masu ƙwai, muka cinye masu saurin girma, har ya zama abin da komar kamun kifi take kawo mana bai fi tafin hannu ba.

Ranar Lahadi Tauno ya shigo gidana da kyafaffen kifi, tsawonsa ya kai hannuna. Aune ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta ce, “Oh, rabona da kifi irin wannan tun ina budurwa.” A gabana ta faɗa, a kan teburina.

Na ce, “Kai Tauno, ka manta dodon da na kama, wanda ke rataye a zaurenmu?”

Ya ce, “Ina fa zan manta, tsoho? Kai ka rataye uwar kifinka a bango, mu tamu tana ruwa tana zuba ƙwai.”

Ku waiwaya ku dube ta. Shekara ashirin ina alfahari da ita, kuma tun ranar ba a sake ganin irinta ba.

Na uku, ina roƙonku ku amince da dokar Tauno. Sunanta ke nan, ko da yake faɗinsa na yi mini ɗaci. Hassada ga mai rabo taki ce, na kuwa gaji da zuba masa taki. Kuha ba ta girma da gaggawa, ni kuma likita ya ce shekarun da suka rage mini ba su da yawa. Ina so kafin in tafi, Aune ta lumshe ido a kan kifin da ni na kamo.

Allah ya albarkaci ruwanmu, ya mayar da kowa gida lafiya, ya ba ni tsawon ran ganin wannan rana.

Na gode.