Furen Kabewa

A tashar Ƙanƙara, ranar kasuwa, wani dattijo mai buhun dawa da wani saurayi mai agogo suna jiran motar Funtuwa.

"Samari, ashe kai ma ka ga silimar nan a Zariya? Ta sarkin ɓarayin Turawa mai son ɗiyar alƙali?"

"Na gani, Baba. Mun sha dariya."

"Ni haushi na ji. Ƙato da bindiga da yara arba'in zai je zance, ba goro, ba manya, sai ya tsinko ciyawa ya miƙa mata. Akuya ce?"

"Fure ne, Baba. Ba ka ga ta shinshina ta yi murmushi ba?"

"Yunwa ce."

"Wayewa ce! Nan ne ba a gane ba. Furen kabewa bakwai na tsinko a bayan gidan su Barakatu, budurwata, a Yargoje, na miƙa mata, sai ta kai wa uwarta a sa a miya!"

Dattijon ya juyo ya ƙare masa kallo.

"Ashe kai ne! Wata guda ke nan ba na gaisawa da maƙwabcina, na rantse akuyarsa ce ta cinye mini furen kabewata."