Lissafin Kududdufin Garinmu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Malama Rabi, ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare a ƙasar Bagwai.

Bana da rani ya kama, na kai ɗalibaina bakin kududdufin da dabbobinmu suke sha. Muka kafa sanda a ruwa, duk ranar Litinin mu auna yadda ya ja baya. Daga nan yaran suka lissafa cewa zai ƙafe cikin mako tara.

Sai shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya ce, "Malama, iyaye sun kawo ƙara, wai kina koya wa yara duba. Kuma ai babu kududdufi a jarrabawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaibu na Allah ne. Wannan ƙiyasi ne, irin wanda manomi yake yi in ya leƙa rumbunsa."

Ruwan ya ƙafe a mako na shida, gari ya yi ta yi mana dariya. Amma wata ɗalibata, Zainabu, ta miƙe a aji ta ce, "Malama, ba mu saka shanun baƙin da suka sauka garinmu a lissafin ba!" Da kansu suka gyara lissafin, yaran da a da ko hannu ba sa ɗagawa.

An ba ni takardar gargaɗi, na karɓa, amma wallahi ba zan daina ba. Malamai 'yan'uwana, in ku ne, za ku koma haddar allo? Ina gaida Zainabu da 'yan ajinsu.