Kwalba Ɗaya Ta Rage

A tashar Garuwa, wata dattijuwa mai kunu ta tare Hubert, ma'aikacin ruwa, yana riƙe da akwatin kwalabe.

"Ɗana, magani kake sayarwa?"

"A'a Inna, ruwan famfo nake ɗiba a kai awo. Na ɗebo na gindin tanki."

"Can ai ruwan bai sha tafiya ba! Zo unguwar mahauta, inda bututu ya ƙare. Ja yake zuwa, yara suna ta zawo, ana cewa kununa ne."

"Kwalba ɗaya ta rage, ta gidan darakta ce."

"Daraktan yana zawo ne?"

Hubert ya tuntsire da dariya, ya saɓa akwatin. "Mu je, Inna. Amma in ruwan lafiya lau yake, zan faɗa."

"Faɗi da ƙarfi, ɗana. Ni dai a auna."