Shanyar Shinkafa ta Tare Mana Hanyar Keke

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni malamin makaranta ne a Gwadangaji, ina horar da matasa tseren keke a hanyar Argungu.

Abin da nake fara koya musu shi ne su sa hular kwano, su riƙe gefen titi, su bar wa manyan motoci tsakiya. To kaka ta yi, manoma sun baza shanyar shinkafa a gefen kwalta, sun kewaye ta da duwatsu. Wanda ya hau shanya zai zame, wanda ya kauce mata ya shiga gaban tirela.

Makon jiya Nasiru, gwanin da nake sa ran zai wakilce mu a gasa mai zuwa, ya kauce wa wata shanya, mota ta kusa kwashe shi. Da na je roƙon mai shinkafar, sai na tarar mahaifin Nasiru ne. Ya ce, "Malam, fadama duk laka ta, ina kaka so in shanya? Da shinkafag ga na sai mai keken."

In na dakatar da atisaye har shanya ta ƙare, ƙafar yaron za ta yi sanyi, gasa ta wuce shi. In na ci gaba, ran ɗan mutane ne a hannuna. Yanzu kekunan suna jingine a zaurena, kuma kullum da safe Nasiru yakan zo ya tambaye ni ko yau za mu fita.

Masu sauraro, me zan ce masa gobe?

Naku, Malam Bello, Gwadangaji.