Sirdin Keken Ɗanta

A rumfar mai gyaran keke, wani mai ɗaukar bidiyo ya tare wata dattijuwa da ta kawo keke faci.

"Mama, irin keken hawan dutsen nan muke wa talla. Ara mana shi mana. Mahayi ya gangaro daga tsauni, ni ina ƙasa da kyamara."

"Haka ɗana ke gangarowa, ni ina rufe ido."

"To, shi za mu ɗauka! Yana ina?"

"Wata bakwai da rasuwarsa. Zazzaɓi ne, ba keken ba."

"Allah ya jiƙansa. Sirdin kawai za mu sauke, mahayinmu gajere ne."

Ta dafe sirdin.

"Ɗan nan, nemi wani keken. Tsawonsa ke nan, shi kaɗai ya rage mini."