Ragar Taurarin Ba'awa

A tashar Tudun Wada, motar Doguwa ta ƙi cika, sai na ji wani dattijo ya tanka wa saurayi mai ɗauke da raga.

"Samari, kamun kifi za a je?"

"Ragar ƙwallo ce, Baba, ta Taurarin Ba'awa. Kowane gida ya ba da kwanon hatsi muka kafa ƙungiya, har kofi muka ɗauko. Sai mai filin, wani marowaci a Doguwa, ya aiko aka shuke shi da dawa. Muka watse."

"To, yanzu fa?"

"Gidansa zan nema. In durƙusa, in yi masa ladabin ƙarya, ko ya bar mana filin."

Dattijon ya gyara hularsa.

"Masara ce, ba dawa ba. Ga ni, fara durƙuson."